Kaki Kafin Zinariya: Tarihin Zubin Kayan Ado a Ƙasar Tonawa

A cikin watan Mayu na shekarar 1817 waɗansu jakadun Ingilishi da suka taso daga bakin teku suka shiga Kumashi, babban birnin Tonawa, watau mutanen nan da su ke kiran kansu Asante. Sarki Osei Bonsu ya tarye su da taron da ba su taɓa ganin irinsa ba. Ɗaya daga cikinsu, wani saurayi wai shi Thomas Bowdich, ya rubuta abin da idonsa ya gane masa a cikin wani littafi da aka buga a Landan a 1819. Ya ba da labarin hakimai sanye da sarƙoƙin zinariya a wuya, da zobba a yatsu, da mundaye a hannu da ƙafa. Waɗansu ma, in ji shi, curin zinariyar da ke rataye a wuyan hannunsu ya yi nauyin da sai sun ɗora hannun bisa kan wani yaro da ke tsaye a gabansu.

Tun daga ran nan har yau, duk wanda ya ɗauki alƙalami zai yi maganar kayan adon Tonawa, zinariyar ce ta kan ɗauke masa ido. To, amma zinariya ba ita ke siffanta kanta ba. Kafin zoben nan mai kunama a bisansa ya zama zinariya, sai da ya fara zama kaki, irin wanda ƙudan zuma ke gina saƙarsa da shi. A jikin kakin nan ne maƙeri ya yi aikin hankali duka: nan ya murza, nan ya lanƙwasa, nan ya zana. Zinariya ta zo daga baya ne kurum ta zauna a gurbin da kaki ya tashi ya bar mata. Sabo da haka tarihin zubin zinariya, in an bi shi da kyau, tarihin aikin kaki ne, ko da ya ke kakin kansa ba ya saura, wuta ke cinye shi tun kafin a ga abin da aka zuba.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomi tukuna, gama su ma suna da nasu labari. Kalmar zinariya baƙuwa ce a Hausa. Daga dinari na Larabci ta fito, Larabawa kuwa sun karɓo shi daga denarius na Rumawa, wanda, abin mamaki, kuɗin azurfa ne a wurinsu. Azurfa kuma daga harshen Abzinawa aka aro ta, miskali daga Larabci. Ke nan sunayen ƙarafan nan masu daraja da na ma'auninsu duk ta hanyar Sahara suka iso. Amma zubi ɗan gida ne, daga zuba. Bahaushe ya kan ce zubin adashi, ya ce zubin tagulla, ya kuma dubi mutum ko gini ko waƙa ya ce zubinsa ya yi kyau, yana nufin siffarsa. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ta fi kusa da zancen maƙera, don a wurinsu abin da aka zuba da siffar da ya fito da ita abu guda ne. Faransawa suna kiran wannan sana'a da sunan da ma'anarsa ita ce ɓataccen kaki. A nan za a kira ta zubin kaki.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce ƙwarai. A Mehrgarh, cikin ƙasar Pakistan ta yanzu, an tono wani ɗan abin wuya na jan ƙarfe mai kama da ƙafar amalanke, binciken da aka bayyana a 2016 ya tabbatar da zubin kaki aka yi shi, shekara wajen 6,000 da suka wuce. A 1961 kuma, cikin wani kogo a Nahal Mishmar kusa da Tekun Gishiri, aka sami kayan jan ƙarfe fiye da 400 naɗe cikin tabarma, su ma sun girmi daular Fir'aunan Masar. Mutanen Sin da na Hindu da Yunanawa duk sun san ta, haka nan mutanen da ke zaune a Kolombiya da Meziko tun kafin Turawa su san da akwai Amurka.

A Afirka ta Yamma kuwa an daɗe ana yi wa sana'ar nan ƙarya. Sa'ad da sojan Ingilishi suka ci birnin Bini a 1897 suka kwashe kayan tagullar fadar, marubuta da yawa a Turai suka ce ai mutanen Fotugal ne suka koya wa maƙeran wurin, don a ganinsu baƙar fata ba zai iya wannan aiki da kansa ba. Abin da ya rushe wannan magana daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. A 1938 wani mutum yana haƙa rijiyar tara ruwa a gidansa a Igbo-Ukwu, kudu maso gabas da Anacha, sai ya ci karo da kayan tagulla. Thurstan Shaw ya yi tono a wurin a 1959 zuwa 1960, ya kuma koma a 1964. Da aka auna shekarun abin da aka samu, sai ga shi na ƙarni na 9 zuwa na 10 ne. Jiragen Fotugal kuwa ba su iso gaɓar zinariya ba sai 1471. Tsakani akwai shekara ɗari biyar ko fi. Kayan kuma ba na ɗan koyo ba ne: akwai tulu da aka zuba da ragar igiya kewaye da shi, akwai ƙorai da aka bi jikinsu da 'yan ƙwari, ƙuda da fara da buzuzu, kowanne da ƙafafunsa. Waɗansu masana suna ganin ba kakin zuma suka yi aiki da shi ba, ƙaron itatuwa ne dangin tinya da ƙerana, amma dabarar ɗaya ce.

Ƙasar Tonawa da 'yan'uwansu, waɗanda a ke haɗa su a kira Akan, tana da zinariya a cikin rafuka da ramuka, amma ba ta da tagulla. Daga arewa tagulla ta riƙa zuwa. Ibn Battuta ya sauka Takedda, yamma da Agadas, a 1353, ya ga ana narka jan ƙarfe ana mai da shi 'yan sanduna, ana kai shi Gobir da Barno. A 1964 Theodore Monod ya tarar da kayan wani ayari binne a cikin rairayin Muritaniya, sandunan tagulla fiye da 2,000 da aka ɗauro daga arewa ba su kai inda za su ba. Masu kai irin wannan kaya bakin kurmi su ne Wangarawa, su ɗin nan da Tarihin Kano ya ce sun zo Kano zamanin Sarki Yaji. Sun kafa kasuwa a Begho, arewa maso yamma da inda Kumashi ta ke yanzu, suna sayen garin zinariya suna kai wa Jenne da Tambutu. Da su miskali ya shiga ƙasar, da ma'auni, da tasoshin tagulla na Masar masu rubutun Larabci waɗanda har yanzu akwai waɗansu a garin Nsawkaw. Timothy Garrard, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan al'amari a littafinsa na 1980, ya tafi a kan cewa ta wannan hanya ce zubin kaki ya iso wa Akan, wajen ƙarni na 14 zuwa na 15. Da mutanen Fotugal suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482, sun tarar da sarakuna sanye da ƙerarriyar zinariya. Abin da suka ƙara kawai shi ne yawan tagulla, don sun riƙa sauke mundaye da tasoshi jirgi-jirgi.

Daular Tonawa ta kafu ne bayan da Osei Tutu ya karya Denkyira a 1701. Magajinsa Opoku Ware ya ci Takyiman wajen 1723. A duk yaƙoƙin nan biyu, cikin ganimar da aka fi ji da ita har da maƙeran zinariya, aka kwaso su aka zaunar da su a Kumashi suna yi wa fada aiki. Sana'ar gado ce. Dokar ƙasa kuma ta tsare ta ta kowace fuska: wanda ya tono curin zinariya, na sarki ne, gari kaɗai ke zama nasa, talaka kuwa ba shi da ikon ya yi ado da zinariya yadda ya ga dama, ko da yana da ita. Maƙeri dai an yarda masa ya sa.

Ga yadda aikin ya ke. Da fari maƙeri ya kan narka kaki, ya tace shi daga dattin saƙa da gawar ƙudan zuma, ya zuba a ruwan sanyi ya daskare. Sa'an nan ya zauna kusa da wuta da katako mai santsi a gabansa, da tukunyar ruwan ɗumi a gefe. Da wata 'yar itaciya mai faɗi, wadda ya ke tsomawa a ruwan, ya ke murza kakin bisa katakon har ya zama zare. Bowdich ya lura cewa shirya kakin da zai isa zobe guda ya kan ci kamar rubu'in sa'a. Zaren nan shi ne asirin aikin Akan. Gwani ya kan murza shi ya yi siriri kamar zaren ɗinki, ya naɗa shi zagaye bisa zagaye kamar mai ɗinkin faifai, har ya zama ɗan faifan da za a rataya a ƙirji. Wanda ya riƙi irin wannan abin wuya na zinariya ya duba da kyau zai ga layukan nan a jere, ya zaci waya ce aka lanƙwasa aka liƙa. Ba waya ba ce, sawun zaren kaki ne. Baule na ƙasar Kwaddibuwa, waɗanda labarinsu na baka ya ce daga ƙasar Tonawa kakanninsu suka yi ƙaura a ƙarni na 18, sun kai wannan aikin zare matuƙa a duwatsun wuyansu. Abin da ba na zare ba kuwa, kamar kan mutum ko tsuntsu ko kifi, da yatsa a ke gina shi, a gyara da ɗan tsinke da wuƙa mai ɗumi.

Kaki yana da halin da ya sa ya fi kome dacewa da wannan. Ɗumin hannu ya isa ya tausasa shi, ruwan sanyi ya isa ya ƙarfafa shi. In maƙeri ya yi kuskure sai ya shafe ya sake, ba a yi hasarar kome ba. Yana karɓar zane kome ƙanƙantarsa, har sawun fatar yatsa. Sa'an nan yana narkewa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 63, alhali zinariya sai ta kai digiri 1,064. Ƙasar zafi dai tana da nata sharaɗi: siffar da aka gama, a ruwa a ke ajiye ta, in ba haka ba rana ta lanƙwasa ta kafin azahar.

In abin da za a zuba babba ne, ba a yinsa da kaki zalla, don zai ci zinariya da yawa, ya kuma yi nauyin da ba a iya sawa. Sai a fara gina cikinsa da yumɓu gauraye da garin gawayi, a bar shi ya bushe, kana a lulluɓe shi da kaki falle guda. Kaurin kakin nan shi ne zai zama kaurin zinariya, ba ƙari ba ragi. A kan soka 'yan ƙusoshi su riƙe cikin, don kada ya motsa sa'ad da kaki ya fita. Bayan an yi zubi sai a ƙwaƙule shi ta wata kafa.

Daga nan sai yi wa siffa riga. A kan liƙa mata ɗan sandan kaki, wanda zai zama maƙogwaron da ƙarfe zai bi. A dama gawayi mai laushi kamar kwalli da yumɓu kaɗan, ya yi ruwa-ruwa, a shafa a hankali ya shiga kowane lungu, a bari ya bushe, a sake shafawa. Shafin farkon nan shi ke ɗaukar zanen, in ya bar kumfa ko ɗaya, kumfar za ta fito ƙurji a jikin zinariya. Bayansa a ke ɗora yumɓu mai kauri. In ya bushe sarai a gasa shi, kaki ya narke ya fita, ya bar gurbinsa.

A nan ne maƙeran Akan suka yi wata dabara da ta cancanci a yaba. Maimakon su narka zinariya a wani kasko dabam su ɗauko su zuba, sai su sa ta cikin ɗan kasko, su kifa shi a bakin maƙogwaron, su liƙe duka biyu da yumɓu su zama ƙunshi guda kamar gora. A sa a wutar gawayi, kasko yana ƙasa, a yi ta zuga. In ƙarfe ya narke, wanda a aikin tagulla launin harshen wuta ke nunawa, sai maƙeri ya kama ƙunshin da awartaki ya juya shi, kasko ya koma sama, zinariya ta gangara ta cika gurbi. Amfanin wannan uku ne. Ko ƙwayar zinariya ba ta zuba a ƙasa. Iska ba ta shiga ta ɓata ƙarfen. Na uku, wanda ya fi, gidan yumɓun da ƙarfen zafinsu ɗaya ne, sabo da haka zinariya ba ta daskarewa a hanya, tana bin gurbin zare kome sirantakarsa har ƙarshe. In ya huce sai a fasa. Nan ne maƙeri zai san ko aikin kwanakinsa ya yi, gama ba shi da hanyar leƙawa kafin wannan. In zubi ya ƙi, zinariya tana nan, a sake narka ta, amma siffar ta tafi ke nan, sai a koma kan katako a fara murza wani kaki. In ya yi, a kankare, a goge. Bowdich ya ce su kan shafe abin da jar ƙasa, su tafasa shi cikin ruwa da gishiri kamar rabin sa'a don launinsa ya fito.

Akwai lissafi a ciki. Zinariya tsantsa ta fi kaki nauyi wajen sau ashirin, don haka maƙerin da ya auna siffarsa ya san abin da zai nema wurin mai kaya. Akwai kuma amana, ko rashinta. Abin da aka rufe cikin yumɓu mai kaya ba ya ganinsa, maƙerin da ba ya tsoron Allah yana iya rage zinariya ya cika da jan ƙarfe ko azurfa. Willem Bosman, wani Baholande da ya yi shekaru yana ciniki a gaɓar, ya yi kuka da irin wannan gauraye a littafinsa na 1704. Bai dai faɗa da ƙarfi ba cewa su ma Turawan suna da nasu algus a awon kayan da su ke sayarwa.

Inda aikin kaki ya fi yaɗuwa ba a fada ba ne, a kasuwa ne. Garin zinariya shi ne kuɗin ƙasar, kome za a saya sai an auna, don haka kowane magidanci mai ciniki yana da ƙunshinsa na ma'auni da cokula da 'yan akwatuna da duwatsun awo. Duwatsun nan na tagulla ne, da zubin kaki aka yi su, tun wajen 1400 har ƙarshen ƙarni na 19 sa'ad da Ingilishi suka hana ciniki da garin zinariya. Na farko-farko zane ne kurum, murabba'i da dala da layuka, nauyinsu yana bin miskalin Wangarawa, watau wajen giram huɗu da rabi. Daga baya maƙera suka saki hannu, suka shiga yin mutane da dabbobi da kujeru da ganguna da bindigogi. Da yawa karin magana ne aka mai da shi ƙarfe: kada biyu masu ciki ɗaya suna faɗa a kan abinci, ko tsuntsu ya waiwaya yana ɗauko abin da ya bari a baya. Mai saye da mai sayarwa kowa da nasa duwatsu, sai awo biyu sun dace ciniki ya faɗa. In dutse ya fito bai kai nauyi ba sai a ɗiga masa dalma, in ya zarce a gutsure masa wani wuri, shi ya sa a kan ga ɗan mutum ba hannu ɗaya. Waɗansu maƙera ma su kan tsallake kakin: su kama buzuzu na gaske, ko ƙwayar gyaɗa da ɓawonta, ko ƙafar ƙaguwa, su yi mata rigar yumɓu, wuta ta ƙone ta, tagulla ta maye gurbinta. Abin sha'awa ne, amma wannan wayo ne, gwaninta tana wurin mai gina buzuzun da hannunsa.

Tsofaffin duwatsun awo suna nan dubbai, amma tsofaffin kayan zinariya kaɗan ne. Dalili kuwa shi ne zinariya kuɗi ce, kullum a bakin wuta ta ke. Bowdich ya ce kowace shekara, in bikin doya ya gabato, a kan narka kayan adon sarki a sake zuba su da sabon fasali. Ga mai neman tarihi wannan hasara ce. Ga maƙera kuwa ita ce ta rayar da sana'ar, don kowace shekara sai an nemi sabuwar siffa, kowace siffa kuma sai an gina ta daga farko. Fadar da ke narka kayanta shekara-shekara ba ta rabuwa da masu murza kaki.

Abin da ya tsira daga wuta, yawancinsa ta hanyar yaƙi ya tsira. Ran 4 ga Fabrairu 1874 Janar Garnet Wolseley ya shiga Kumashi, zamanin Sarki Kofi Karikari. Aka kwashe abin da aka samu a fada, aka rushe ta da albarushi, aka sa wa gari wuta. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Tonawa tarar oza 50,000 ta zinariya, abin da suka fara biya kuwa da kayan ado suka biya. Da kayan suka isa Landan kamfanin Garrard, masu yi wa gidan sarautar Ingila kayan ado, suka sayi da yawa suka sayar. A cikinsu akwai wani kan mutum na zinariya, zubin kaki, mai rami a ciki, nauyinsa ya fi kilo guda, wanda Richard Wallace ya saya a shekarar nan. A 1896 aka sake komawa, aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya bisa hujjar ba a gama biyan tara ba, aka ƙara kwasar kaya. Ba daidai ba ne a ɓoye cewa a yaƙin 1874 akwai rundunar da a ke kira Hausawan Glover, waɗanda Kyaftin John Glover ya biyo da su ta wajen kogin Volta.

Hulɗar Hausawa da Tonawa dai ta girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma ta goro ce. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja ne ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su kan yi watanni a hanya, su sauke kanwa da tufafi da fatu a Salaga, su ɗauro goron da Tonawa suka kawo. Malaman da ke bin ayari su kan rubuta layu, sarakunan Kumashi su saya da tsada, maƙeransu su yi musu kube na zinariya ko azurfa. Duk da wannan cuɗanya ta shekaru ɗaruruwa, irin zubin siffofin nan bai kama a ƙasar Hausa ba, kuma ba wuya a ga dalili. A wurin Tonawa zinariya kayan sarauta ce ta maza, kowane zobe da maganar da ya ke faɗa wa talakawa. A ƙasar Hausa shari'a ta hana namiji sa zinariya, ta kuma ƙi sassaƙa surar mai rai. Sabo da haka maƙeran fari, kamar yadda a ke kiransu don a bambanta su da maƙeran baƙi, suka fi ba da ƙarfi ga azurfa da tagulla, ga mundaye da warwaro da zobba da kayan doki, adonsu kuwa zane ne. Darajar sarki sai ta koma ga riga da rawani da doki.

A Agadas ne zubin kaki na kayan ado ya zauna da gindinsa a arewa. Maƙeran Abzinawa su kan gina abin wuyan nan da Turawa suka sa wa suna kuros na Agadas da kaki, su yi masa rigar yumɓu, su zuba azurfa, wadda a dā daga riyal mai hoton Mariya Tereza a ke narko ta. Amma a wurinsu kaki gangar jiki kaɗai ya ke bayarwa. In an fasa yumɓu sai a ɗauki magagari a daidaita, kana a zana ado da ɗan ƙarfe mai tsini bisa azurfar kanta. Watau Ba'abzine ya kan fara aikin ado a inda Batone ya gama nasa.

A Turai masu zuba manyan gumaka sun daɗe suna aiki da kaki, amma masu ƙananan kayan ado sun fi dogara ga guduma da waya da liƙi. Wanda ya komo da shi likitan haƙori ne, William Taggart na Shikago, wanda a 1907 ya nuna yadda za a ɗauki siffar ramin haƙori da kaki a zuba zinariya daidai da shi. Maƙeran zinariya suka ara. A shekarun 1930 aka shiga yin gidan roba, wanda a ke ɗura wa narkakken kaki a fitar da siffa ɗaya sau ɗari, a liƙa su jikin sanda guda kamar 'ya'yan itace, a zuba su gaba ɗaya. Aka kuma haɗa wani kaki mai tauri wanda ba a murza shi, sai dai a yanka da zarto, a ci shi da magagari, a sassaƙa kamar itace. Mai wannan aiki ragewa ya ke yi, Batone kuwa ƙarawa ya ke yi. Daga baya kwamfuta ta shigo, ana zana zobe a cikinta, inji ya gina kakin. Da yawa daga cikin zobba da 'yan kunnen da a ke sayowa daga Dubai a zuba a lefe ta haka aka yi su, kowanne da 'yan'uwansa dubu. A ƙauyen Krofofrom kusa da Kumashi kuwa maƙera sun riƙe tsohuwar hanya, da katako da ruwan ɗumi da ƙunshin yumɓu, sai dai tagullarsu ta tsofaffin famfuna da kwaɗuna ce, masu saye kuma yawancinsu baƙi ne.

A watan Fabrairu na 2024, shekara 150 cif bayan ƙone Kumashi, gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalas ya mayar wa Sarki Osei Tutu na Biyu kaya bakwai, mayarwa ta har abada. A watan Mayu na shekarar aka baje waɗansu 32 a gidan tarihin fadar Manhyia, 15 daga British Museum, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert. Waɗannan aro aka ba da su, na shekara uku, da damar a ƙara uku, don dokokin Ingila sun hana gidajen nan biyu rabuwa da abin da ke hannunsu. A cikinsu akwai faya-fayan zinariya irin waɗanda bayin sarki masu wanke kurwarsa ke ratayawa a ƙirji. Kan zinariyar nan da Wallace ya saya ba ya cikin kayan da suka zo.